Zaren Murya

Shagona ƙarami ne, can bayan Ƙofar Guga,
tsakanin mai faci da mai injin markaɗe.
Shekara sha tara ina buɗe cikin keken ɗinki
in ciro ciwon da mai shi bai gani ba.
Sai kasuwa ta yi sanyi.
Wuni guda daga ni sai ƙuda
sai ƙamshin mai a ɗan yatsa.

Mannir ɗan ƙanwata ya zo hutu.
Ya ce, Kawu Rabe, bakinka ya fi hannunka farin jini,
surutun nan da kake zubarwa a kan benci
mu tara shi a waya, sunansa fodkas.
Na ce, rediyo ke nan?
Ya ce, rediyon da ba ya wucewa,
mai jiran mai ji ko da ya makara.

Muka bari dare ya yi, markaɗe ya yi shiru.
Ya rataye bargo biyu su shanye amo,
ya sa wa waya safa a baki.
Na yi gyaran murya sau uku kamar mai neman rance,
sannan na ce:
Jama'a, yau ga abin da ke tsinka muku zare.

Mutum bakwai suka ji.
Uku ni ne. Biyu Mannir.
Ɗaya mai ɗakina, ita ma barci ya sace ta a tsakiya.
Na bakwai ban san shi ba,
kuma shi ya hana ni bari.

Don shi na dawo Laraba, na sake dawowa Laraba.
Na yi batun allurar da ta karkace,
da burbuɗin yadi da ke kwana ƙarƙashin haƙori.
Na roƙe su da girman Allah,
man gyaɗa na miya ne, ba na keke ba.
Na kara waya a jikin ƙarfe, na taka,
na ce ku saurara:
wannan kukan ƙishi ne,
wannan kuwa kukan tsufa.

Isiyaku mai faci ya leƙo yana dariya.
Kai dai ka iya rabon jari kyauta!
Ina ka taɓa ganin mai sayar da ruwa
yana nuna wa unguwa inda za a haƙa rijiya?
Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita.
Maganar ta bi ni gida, ta kwana a gefena.

Wata Asabar, rana na tsaka,
mace ta sauke kan keke naɗe cikin zani.
Ta ce, Barira nake, daga Mashi.
Kai nake ji in ina yanka.
Ƙananan na gyara da kaina, yadda ka ce,
wannan ya fi ƙarfina.
Na wuce masu gyara huɗu a hanya,
amma su ban san muryarsu ba.

Ban tambaye ta ko ita ce ta bakwai ba.
Na kunce dunƙulen, na ɗauko sukudireba.

Yanzu saƙon murya ke tashe ni da asuba.
Daga Jibiya, daga Ɓatagarawa, har Maraɗi,
kowa na turo kukan kekensa:
Malam Rabe, ji wannan, me yake cewa?
Ban yi kuɗi ba, kada in yi ƙarya,
amma benci ya daina hutawa,
jiya ma Isiyaku ya zo aron safa.

Abin da na sani tun ina yaron shago
shi na manta da na girma:
zare ɗaya ba ya ɗinki.
Na sama yana nutsewa cikin duhu
bai san me ke jiransa ba,
sai na ƙasa ya kama shi.